Masoya Sun Karɓe Alƙalanci: Yadda Yayi Ya Sauya Sharhin Waƙar Hip Hop a Amurka

A daren Juma'a, 3 ga Mayun 2024, mawaƙin hip hop Drake ya saki "Family Matters", waƙar zambo mai tsawon fiye da minti bakwai da kiɗa kala uku, wadda ya auna abokin hamayyarsa, mawaƙi Kendrick Lamar, da ita. Ba a cika sa'a guda ba Kendrick ya rama da "Meet the Grahams". Washegari ya ƙara da "Not Like Us". Kafin Litinin an riga an gama shari'a a X da TikTok da YouTube, an ɗaga hannun Kendrick, an koma yi wa Drake ele da hotunan barkwanci. Waƙar da Drake ya zauna ya tsara har ya yi mata bidiyo, wadda a kunnena tana cikin mafi kaifin abin da ya rera a 'yan shekarun nan, yawancin mutane ba su saurare ta sau biyu ba suka binne ta.

Ni ma ina ganin Kendrick ne ya yi rinjaye, kuma da guminsa ya samu. Damuwata a wani waje take: wa ya yanke hukuncin, cikin wace irin gaggawa, kuma da wane ma'auni? Sharhin waƙar hip hop ya kuɓuce daga hannun masu zama su saurara, ya faɗa hannun yayi da 'yan gani-kashe-ni, kuma ba dare ɗaya hakan ta faru ba.

A 1988 wasu ɗaliban Jami'ar Harvard biyu, David Mays da Jonathan Shecter, suka fara buga wata 'yar takarda don masu sauraron shirinsu na rediyo. Ita ce ta girma ta zama mujallar The Source. Ma'auninta makirfo ne, daga ɗaya zuwa biyar, kuma biyar ɗin ba kasafai ake ba da shi ba. A 1994 mujallar ta bai wa kundin farko na wani matashi ɗan shekara 20 daga unguwar Queensbridge a New York makirfo biyar cif. Matashin shi ne Nas, kundin kuma Illmatic, waƙoƙi goma kacal da ba su cika minti 40 ba. A kasuwa bai yi wani abin a-zo-a-gani ba. A lamba 12 ya shiga jadawalin Billboard, mujallar da ke jera kundaye gwargwadon cinikinsu, kuma sai a 2001 ya kai matsayin kwafi miliyan ɗaya. Da ciniki kaɗai aka bi, da yau sai 'yan ƙalilan ne za su san da shi. Abin da ya riƙe shi shi ne an sami waɗanda suka karɓi kaset tun kafin ya fito kasuwa, suka yi makonni suna juya shi, sannan suka rubuta dalilinsu: yadda yaron ke dasa amsa-amo a tsakiyar layi, ba a ƙarshensa kaɗai ba, da yadda yake zana rayuwar gidajen marasa ƙarfi ba tare da ya ƙawata ta ko ya yi mata wa'azi ba. Mai karatu na iya ƙin yarda, amma an ba shi hujjar da zai yi musu da ita.

Kada dai a ɗauka zamanin na waliyyai ne. A shekarar nan ta 1994 manyan editocin The Source, har da Shecter, suka ajiye aiki bayan an cusa labarin ƙungiyar waƙar Benzino, aminin Mays, a cikin mujallar ba da saninsu ba. A 1999 wani kundin ƙungiyar Benzino ya tashi da makirfo huɗu da rabi, abin da har yau ake ambata a matsayin misalin son kai. Ga kuma fifita New York a kan kowa: a bikin kyaututtukan mujallar na 1995 ihu aka yi wa OutKast, 'yan Atlanta, lokacin da suka hau karɓar kyauta. Wato alƙalan da ma sukan yi zalunci. Bambancin shi ne an san sunansu, an san kujerar da suke kai, kuma idan suka karkata akwai abin da suke asara, wato mutuncin mujallar. The Source ta yi wannan asarar kuwa, ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

Daga nan kuɗi suka gudu. Mujalla da talla take rayuwa, talla kuma ta koma Google da Facebook. Tsakanin wajen 2007 da 2012 shafuka irin su Nah Right da 2DopeBoyz suka zama kasuwar sabbin waƙoƙi, kuma ta nan Drake da Kendrick da J. Cole da Nicki Minaj suka samu ƙofa. Shafukan sun yi wa waƙar aiki babba, amma gasarsu ta wa-ya-riga-wa ce. Wanda ya fara ɗora waƙa shi ke kwashe masu ziyara, ba wanda ya fi fahimtarta ba. Abin da ya biyo baya rufe-rufe ne. Jaridar Village Voice, inda marigayi Greg Tate ya yi shekaru yana rubuta sharhin da ya nuna wa duniya cewa hip hop abin nazari ne, ta daina fita a takarda a 2017. An rufe MTV News a 2023, a 2024 kuma aka sauke ma'ajiyar labaranta daga intanet, hirarrakin shekaru da dama suka ɓace daga idon jama'a. A Janairun 2024 kamfanin Condé Nast ya tura shafin sharhin waƙa na Pitchfork ƙarƙashin mujallar maza ta GQ, ya sallami ma'aikata da dama. Wata guda bayan haka BuzzFeed ya sayar da kafar labaran hip hop ta Complex ga NTWRK, kamfanin da sana'arsa sayar da kaya ce ta bidiyon kai-tsaye. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da waƙar ta fi kowane lokaci kasuwa, domin tun 2017 alƙaluman Nielsen suka nuna hip hop da R&B sun zarce waƙar rock a yawan masu sauraro a Amurka.

Wurin bai zauna fayau ba. Abu uku suka cike shi, kuma kowannensu da irin abincin da yake ci.

Na farko shi ne bidiyon martani da shirye-shiryen musu. A 2017 Complex ta fara wani shirin safe mai suna Everyday Struggle, inda tsohon mawaƙi Joe Budden da DJ Akademiks suke ta da jijiyoyin wuya a kan labaran ranar. Guntayen da suka fi yawo daga shirin su ne na faɗa, kamar ranar da Budden ya tasa matashi Lil Yachty a gaba yana masa tsawa. Kowa ya ga inda riba take. Tun Yulin 2015 masana'antar ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sabbin kundaye a duniya, kuma manyan kundayen Amurka da ƙarfe 12 na daren New York suke sauka, wato biyar ko shida na asuba agogon Najeriya da Nijar. Duk wanda ya taɓa buɗe YouTube ko Twitch a wannan sa'ar ya san yadda abin yake. Allo ya rabu biyu, gefe guda hoton kundin, gefe guda saurayi da abin sauraro a kunne. Waƙa ba ta yi daƙiƙa ashirin ba zai dakatar da ita, ya dafe kai, ya cire hula ya wurgar, wani lokaci ya tashi ya fice daga ɗakin da gudu ya dawo. A gefe saƙonnin masu kallo suna zuba da alamar wuta, ba mai iya karanta ko ɗaya. Ya sake kunnawa, ya sake tsayarwa. Kundin sa'a guda, kafin a yi sa'a biyu da fitarsa an riga an yi masa suna: ko dai ba a taɓa yin irinsa ba, ko kuma shara ne. Matsakaici ba ya da kasuwa.

Ba wai saurayin nan makaryaci ba ne. Tsarin biyan kuɗin ne ya koya masa haka. Dandalin yana biya gwargwadon yawan kallo da tsawon zaman mai kallo, na'urar da ke zaɓa wa mutane abin da za su gani kuma ta fi tura abin da ya tayar da ƙura a sa'o'in farko. Wanda ya ce bari ya yi mako yana sauraro kafin ya yi magana, ranar da zai yi maganar zai tarar kasuwa ta tashi. Wanda ya ce waƙa ta uku da ta bakwai suna da kyau, sauran kuma cikon benci ne, ba wanda zai yaɗa shi, domin bai ba kowane ɓangare makami ba.

Na biyu shi ne lissafi, kuma a ganina wannan ya fi yin ɓarna domin yana kama da gaskiya. A ƙarshen 2014 Billboard ta fara ƙidaya sauraro ta intanet a jadawalin kundaye, sauraro 1,500 a matsayin kwafi ɗaya. A 2018 ta raba shi biyu: 1,250 ga masu biyan kuɗin wata, 3,750 ga masu sauraron kyauta da talla. A Spotify kuwa da waƙa ta yi daƙiƙa 30 an ƙirga ta. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kundaye suka kumbura, saboda kowace ƙarin waƙa ƙarin ƙidaya ce: Chris Brown ya fitar da mai waƙa 45 a 2017, Migos mai 24 a 2018, Drake mai 25 a shekarar. Waƙoƙin kansu suka gajarce, aka riƙa jawo amshi zuwa farko-farko don kada mai sauraro ya wuce kafin a ƙirga shi. Sannan masoya suka koyi yaren 'yan kasuwa. Yau idan ka ce baitocin wani mawaƙi sun yi rauni, amsar da za ka samu ita ce nawa ya sayar a makon farko. Akwai shafuka a X masu miliyoyin mabiya waɗanda ba sa rubuta komai sai alƙaluma, kuma a ƙarƙashin kowane adadi yaƙi ake yi.

Alƙaluman nan fa ana iya murɗa su. A Agustan 2018 kundin Nicki Minaj, Queen, ya tsaya a lamba biyu a bayan Astroworld na Travis Scott, ta fito fili ta koka cewa an haɗa nasa da riguna da damar sayen tikitin wasa, ana ƙirga kowane ciniki a matsayin sayen kundi. Makonni aka yi ana wannan cacar baki, har Billboard ta soke irin wannan haɗin a 2020. A duk tsawon rigimar, wanne ne cikin kundayen biyu ya fi tsari, wanne ya fi sabon sauti, tambaya ce da ta koma gefe.

Na uku su ne 'yan gani-kashe-ni, waɗanda a can ake kira stan, daga sunan masoyin da ya zauce a wata waƙar Eminem ta 2000. Masoya masu zafi ba sabon abu ba ne. A 2001, lokacin rikicin Jay-Z da Nas, gidan rediyon Hot 97 na New York sai da ya sa masu sauraro suka kaɗa ƙuri'a, Nas ya ci. To amma a wancan rikicin watanni aka yi tsakanin zambon Jay-Z da martanin Nas, mutane suka haddace baitocin, suka yi ta musu a shagunan aski kafin amsa ta zo. Kuma mai kiran rediyo ba ya da hanyar kai wa marubuci hari a gidansa. Yanzu yana da ita. A 2018 wata matashiyar marubuciya a Toronto ta rubuta 'yan layuka a Twitter cewa za ta so ta ji Nicki Minaj ta fara waƙoƙin da suka dace da shekarunta. Mawaƙiyar da kanta ta aika mata saƙon zagi, masoyanta suka yi mata ca da dubban saƙonni, har hoton 'yarta ƙarama suka yi ta yaɗawa, kuma ta rasa gurbin koyon aikin da take yi a wani shafin nishaɗi. Duk marubucin da ya ga haka ya ɗauki darasi. Ba sai an hana shi rubutu ba, shi da kansa zai tausasa alƙalaminsa, ko ya zaɓi yin shiru a kan manyan taurari.

Abin ya koma kamar gidan kallon ƙwallo ranar da Madrid ke karawa da Barcelona. Kowa ya shigo da rigarsa, ya san wanda zai yi wa tafi tun kafin a busa, kuma wanda ya ce abokin hamayya ya taka leda mai kyau sai a ce ya sayar da gida. A ƙwallo aƙalla akwai raga da ke raba gardama. A waƙa babu, shi ya sa aka ƙirƙiro ta da alƙaluman ciniki.

Taurarin ma sun gane ba sa buƙatar ɗan jarida. A 2017 mujallar Spin ta ba da rahoton cewa MTV News ta sauke wani sharhi da bai yi wa Chance the Rapper daɗi ba, bayan manajansa ya yi barazanar yanke hulɗa da tashar. A Satumbar 2022 Drake ya aika wa Anthony Fantano, mai sharhin kundaye a YouTube, saƙonnin cin fuska cikin dare, sannan ya wallafa su da kansa don mabiyansa su gani. Wanda ke da mabiya sama da miliyan ɗari a Instagram, me zai kai shi gaban mai tambayar ƙure? Sai ya tafi wurin mai shirin da zai tarbe shi da kirari. Mai shirin kuma da baƙin yake cin abinci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Oktobar 2022 Kanye West ya zauna a shirin Drink Champs ya yi ta sakin maganganu, har da ƙarya a kan musabbabin mutuwar George Floyd, ba tare da an taka masa burki yadda ya kamata ba. Sai da jama'a suka yi caa aka sauke hirar, mai shirin, N.O.R.E., ya ba da haƙuri.

Inda abin ya fi muni shi ne inda ya taɓa mata. A Yulin 2020 aka harbi mawaƙiya Megan Thee Stallion a ƙafa. Fiye da shekara biyu shafukan tsegumi da masu bidiyon kai-tsaye suna juya maganar kamar wasan gasa, wasu na cewa ƙarya take yi, domin kowane sabon zargi kallo yake kawowa. A Disambar 2022 kotu a Los Angeles ta sami mawaƙi Tory Lanez da laifin harbin, a 2023 aka yanke masa shekara goma. Yawancin waɗanda suka ci riba da ƙaryata ta ba su yi asarar komai ba, washegari wani batun suka kama.

Da wannan idon ya kamata a sake duba rikicin 2024. Tun daga baitin Kendrick a waƙar "Like That" ta Future da Metro Boomin a watan Maris, kowane mataki an tsara shi ne da masu martani a zuciya. Drake ya saka muryar Akademiks, wanda kowa ya san ɗan gidansa ne, a cikin waƙarsa ta "Push Ups". Ya yi wata da muryar marigayi Tupac Shakur ta ƙirƙirarriyar basira, sai da magadan Tupac suka yi barazanar kai ƙara ya sauke ta. Drake ne ma ya fara nuna ƙarfin wannan makamin tun 2015, lokacin da ya haska hotunan barkwancin da masoya suka haɗa a kan Meek Mill a babban allon bikinsa na Toronto. Kendrick ya karanci darasin ya fi malamin. Sakin "Meet the Grahams" cikin ƙasa da sa'a guda dabara ce ta hana waƙar abokin gaba numfashi, kuma ta yi aiki ne kawai saboda ya san alƙalan ba sa jira. J. Cole, da ya fito a bikinsa na Dreamville a watan Afrilu ya ce ya yi nadamar zambon da ya yi wa Kendrick, ya kuma sauke waƙar, tsinuwa ya sha a makon. Bayan wata guda, da aka ga inda rikicin ya kai, mutanen nan dai suka koma yabon hangen nesansa. Ra'ayin bai sauya don an sake nazari ba, iska ce ta juya.

Me ke cikin waƙoƙin kuwa? Drake ya zargi Kendrick da dukan matar da zai aura, ya kuma jefa shakku a kan nasabar ɗansa. Kendrick ya zargi Drake da ɓoye wata 'ya da kuma neman ƙananan yara mata, zargin da Drake ya musanta. Ba wanda ya kawo hujja. Mata da yaran da aka ambata ba a tambaye su ba, an mai da su duwatsun jifa. Wannan shi ne wurin da ake buƙatar mai sharhi ya tsaya ya ce: idan zargin gaskiya ne, me ya sa ake rawa da shi maimakon bincike? Idan ƙarya ne, me aka yi wa waɗannan bayin Allah? An sami 'yan kaɗan da suka faɗa. Questlove na ƙungiyar The Roots ya rubuta cewa ba wanda ya ci wannan yaƙin, jifa da taɓo kawai aka yi, nan take aka rufe shi da cewa tsufa ne ke damunsa. "Not Like Us" ta ci Grammy biyar a Fabrairun 2025, aka rera ta a filin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, a New Orleans. Waƙa ce da ta iya kama jiki, kiɗan Mustard da yadda Kendrick ke sauya murya a kansa gwaninta ce ta gaske, kuma baitin da ya kwatanta dangantakar Drake da mawaƙan Atlanta da ta ɗan mulkin mallaka magana ce da ta cancanci doguwar muhawara. Muhawarar ba ta samu fili ba. Drake ya kai UMG, kamfanin da ya fitar da waƙar, ƙara a Janairun 2025 bisa ɓata suna, yana zargin har da cire takunkumin haƙƙin mallaka don masu bidiyon martani su yaɗa waƙar. A Oktoba mai shari'a Jeannette Vargas ta kori ƙarar, ta ce mai sauraro mai hankali zai ɗauki kalaman a matsayin ra'ayi cikin zafin rikicin waƙa, ba labari tabbatacce ba.

Zan yi wa masoya adalci, domin akwai abin da suka gyara. Shekara da shekaru manyan kafafen waƙa na Amurka fararen fata ne suka fi yawa a kujerunsu, suna auna fasahar baƙaƙe da ma'aunin da ba nata ba. A 2014 Grammy ta bai wa Macklemore kyautar kundin rap, aka bar kundin good kid, m.A.A.d city na Kendrick, kuma masoyan intanet ne suka yi gaskiya, ba masu kaɗa ƙuri'ar ba. Shafin Genius, da aka kafa a 2009, da hannun masoya ya tara fassarar baitoci da babu mujallar da za ta iya tarawa. Cikin sa'o'i sukan gano tsohuwar waƙar da aka yanko guntunta, ko wanda ake yi wa gugar zana a layi na sha huɗu. Shirin Dissect yakan ɗauki kundi ɗaya ya yi watanni yana warware shi waƙa bayan waƙa. Fantano ma, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, yana kawo dalili, duk da cewa abin da ke yawo daga bidiyonsa shi ne makin ƙarshe, ba minti goman bayanin da ya gabace shi ba. Ilimi yana nan jingim. Tono ma'anar baiti dai daban, faɗin ko baitin ya yi kyau daban, kuma na biyun ne yake buƙatar mutumin da ba ya tsoron ɓata wa nasa ɓangaren rai.

Asarar tana fitowa a wurare biyu. Ɗaya, waƙar da ta zo da sabon abu ita ce hukuncin gaggawa ya fi zalunta, domin kunne sai ya saba. Ranar Kirsimetin 2020 Playboi Carti ya saki Whole Lotta Red, masoyansa da kansu suka cika Twitter da cewa shara ne. Bayan shekara guda Rolling Stone ta ɗora shi a saman jerin kundayen hip hop na 2021, kuma tsawar muryarsa da hayaniyar kiɗansa suka zama tafarkin samari da yawa. Shi yana da kuɗi da sunan da zai jira. Sabon mawaƙi da aka yi wa irin wannan tarba ba zai samu shekarar ba. Biyu, idan ciniki ne ma'auni, duk abin da ba ya saman jadawali kamar babu shi ne. A 2023, shekarar da hip hop ta cika 50 da bikin da DJ Kool Herc ya yi a unguwar Bronx ranar 11 ga Agustan 1973, an shafe rabin shekara ba kundin rap da ya hau lamba ɗaya sai na Lil Uzi Vert a watan Yuli. Nan da nan aka cika ko'ina da cewa waƙar ta mutu. A shekarar nan kuwa Killer Mike ya fitar da Michael, billy woods da Kenny Segal suka fitar da Maps, Noname ta fitar da Sundial, Danny Brown da JPEGMAFIA suka yi nasu na haɗin gwiwa. Waƙar lafiyarta ƙalau. Masu nuna wa jama'a inda za su same ta ne aka sallama daga aiki.

Wasu daga cikinsu ba su haƙura ba. A ƙarshen 2024 tsofaffin ma'aikatan Pitchfork suka kafa Hearing Things, shafin da su ke mallakarsa, masu karatu ke biyan kuɗin wata. Wasu sun koma aika rubutunsu kai-tsaye ga masu biya. Hanya ce mai mutunci, sai dai ƙarama ce, kuma tana da nata tarkon: mai biyan kuɗin ma masoyi ne, idan ka taɓa gwaninsa yana iya janye kuɗinsa.

Mu a nan abin ya shafe mu ta hanya mafi sauƙi, domin dandalin ɗaya ne kuma na'urar ɗaya ce. Mawaƙan gambarar zamani, wato hip hop ɗinmu, na Kano da Kaduna da Jos da Yamai ba su taɓa samun wata mujalla mai nauyin The Source ba, kai-tsaye suka faɗo zamanin TikTok da ƙidayar kallo. Ga shi kuwa kayan aikin tarke, wato feɗe waƙa da auna ta, muna da su. A sassan Hausa na jami'o'inmu malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun daɗe da shimfiɗa yadda ake nazarin waƙa: turke, zubi da tsari, salo, amsa-amo. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan waƙoƙin zamani. Al'ummar da ta san bambancin zambo da habaici tun zamanin makaɗan fada ba sai an koya mata sauraron baiti ba. Ilimin dai ya tsaya a kundayen digiri, waƙar kuma tana cikin waya. Gidajen rediyonmu da ke ware sa'o'i ga sojojin baka na siyasa za su iya ware rabin sa'a a mako, a ɗauki waƙa ɗaya a warware ta, a faɗi inda ta yi ƙarfi da inda ta yi sanyi. Sharaɗi biyu kawai zan gindaya wa irin wannan shiri: kada mawaƙi ko ubangidansa ya ɗauki nauyinsa, kuma kada a taɓa waƙar da ba ta yi mako biyu a kunnen mutane ba.